Wa ake tasa da tsakar dare idan manhaja ta tsaya?

Tun da aka tilasta Asusun Bai-ɗaya a 2015, ta Remita ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Mubi yake biyan kuɗin makaranta. Irin wannan manhaja rukuni biyu ke riƙe da ita: masu rubuta ta, da masu kula da na'urorin da take gudana a kansu. A tsohon tsari kowane rukuni da shugabansa, idan ta tsaya kowa ya ɗora wa ɗan'uwansa laifi, mai biya kuwa yana jira. Tsarin DevOps, wanda sunansa ya fito daga wani taro a Ghent ta Beljiyam a 2009, ya haɗe su wuri guda: wanda ya rubuta, shi ake tasa ya gyara. Ya kamata jami'in da ke tantance kwangilar manhaja ya tambayi kamfani wanne yake bi.