Keke Da Lafiyar Mahayinsa: Darasi Daga Kafanchan Da Kudancin Kaduna

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na acaɓa suka hau ko'ina a ƙasar nan. Wannan ya sa mutane da yawa, ma'aikata da 'yan makaranta da manoma, suka kakkaɓe kekunan da suka jingine shekara da shekaru, waɗansu kuma suka sayi sababbi. Abu ne mai kyau ƙwarai. Amma ya kamata jama'a su sani cewa keke ba shi da bango ko rufi da zai kāre mahayinsa. Saboda haka ran mai keke yana rataye ne a kan abu uku, watau birkinsa, da fitilarsa, da irin kayan da ya ɗora.

An ɗauki Kafanchan da kewayenta misali a wannan ɗan littafi domin ƙasa ce ta tuddai da ruwan sama mai yawa, inda sakaci ke saurin nuna kansa. Abin da ya tsare mai keke a gangaren Kagoro, zai tsare ɗan'uwansa a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri.

Keke Ba Baƙo Ba Ne

Irin keken da muke hawa yau, mai ƙafa biyu daidai da juna da sarƙa mai juya ta baya, wani Bature ne mai suna John Kemp Starley ya fito da shi a birnin Coventry na Ingila a 1885. Bayan shekara uku, a 1888, John Boyd Dunlop ya yi masa taya mai shan iska.

Garin Kafanchan ya bunƙasa ne bayan da layin dogo daga Fatakwal ya ratsa ta cikinsa zuwa Kaduna, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos a 1927. A irin waɗannan garuruwa na ma'aikata, keke ne ya zama abin hawan akawu da malamin makaranta da malamin asibiti da ɗan kasuwa. Sunayen Raleigh da Hercules suka zama sanannu a kowane gida, har kamfanin Raleigh ya kafa masana'antar haɗa kekuna a Kano. Bayan ƙarin albashin Udoji a tsakiyar shekarun 1970, ma'aikata da dama suka koma babur da mota, aka shiga kallon keke tamkar alamar rashi. Wannan kuskure ne. A ƙasar Holan, wadda take cikin ƙasashe masu arziki, manyan ma'aikata da ɗalibai duk da keke suke zuwa aiki. A 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 3 ga Yuni ta kowace shekara ta zama Ranar Keke ta Duniya.

Lissafin Amfaninsa

A ɗauka gidan mutum yana da nisan kilomita 5 daga wurin aikinsa. Da tafiya madaidaiciya, ba tare da gaggawa ba, zai isa cikin minti 25 ko ƙasa da haka. Zuwa da dawowa kwana biyar a mako, ya yi kilomita 50 ke nan bai sayi ko ɗigon mai ba, bai kuma biya kowa kuɗin acaɓa ba. Ban da wannan, Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawara cewa baligi ya riƙa motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, domin rage haɗarin hawan jini da ciwon sukari da ciwon zuciya. Wanda ke wannan tafiya ya wuce wannan adadi tun kafin Juma'a ta zagayo.

Wane Keke Za A Saya?

Kekunan da aka fi samu a kasuwanninmu iri biyu ne. Na farko shi ne baƙin keken nan na gargajiya mai birkin ƙarfe, irin Phoenix na ƙasar Sin da takwarorinsa na Indiya. Yana da ƙarfi, yana ɗaukar kaya, kowane mai gyara ya san shi, kayan gyaransa kuma ba su da wuyar samu. Aibinsa nauyi, ga shi ba shi da giya, sai mahayi ya sauka ya tura idan hawa ya yi tsanani. Na biyu shi ne keke mai giya, wanda galibi na gwanjo ne daga Turai ko Japan. Ga mai hawa da sauka kullum tsakanin Kafanchan da Kagoro ko Zonkwa, wannan ya fi sauƙi ga gwiwa, muddin an canza giya zuwa mai sauƙi tun kafin a fara hawan tudu, ba bayan ƙafa ta yi nauyi ba.

Wanda zai sayi na gwanjo ya duba mahaɗar ƙarafunan jikinsa ko akwai tsagewa ko alamar walda. Ya ɗaga kowace ƙafa ya juya ta, ya ga ko tana karkata. Ya girgiza ta gefe da gefe. Idan tana motsi, boris ya ci. Ya kuma tambaya ko ana samun taya da tib na girmanta a garinsu, domin keken da ba a samun tayarsa kayan ado ne kawai.

Tsayin sirdi ma abin lura ne. Mahayi ya zauna, ya ɗora dunduniyarsa a kan feda lokacin da take can ƙasa. Idan ƙafa ta miƙe sosai, sirdi ya yi daidai. Sirdin da ya yi ƙasa shi ke jawo ciwon gwiwa da saurin gajiya.

Birki

A kudancin Kaduna damina tana farawa tun wajen Afrilu, ba ta ɗaukewa sai Oktoba. Birkin keke roba ce mai matse ƙarfen wili. Idan ƙarfen ya jiƙe, musamman farin ƙarfen nan mai sheƙi na kekunan gargajiya, robar sai ta yi ta zamewa, wili ya juya sau da yawa kafin ta kama. Nisan da mutum ke tsayawa a cikinsa da rani ba zai ishe shi da damina ba. Maganin wannan shi ne a rage gudu, a kuma riƙa ɗan matsa birki kaɗan-kaɗan tun daga nesa domin robar ta share ruwan.

A gangare, a yi amfani da birki biyu tare. Na gaba ya fi ƙarfin tsaida keke, amma idan aka fizge shi shi kaɗai yana iya wurgar da mutum ta saman kan keke. A hanyar burji mai tsakuwa, ko a cikin kwana, matse na gaba da ƙarfi yana sa taya ta zame. Saboda haka a rage gudu kafin a shiga kwana, ba a tsakiyarta ba. Al'adar nan ta yara ta taka tayar baya da silifa a madadin birki ganganci ne, iyaye su hana. Robar birki tana cikin mafi araha a kayan keke. Da zarar ta cinye, a canza ta ran nan.

Ka Ga Hanya, A Kuma Gan Ka

Direba ba ya kauce wa abin da bai gani ba. Lokutan da suka fi haɗari su ne asuba, da magariba, da tsakiyar ruwan sama, da kwanakin hazo na hunturu. Lalle ne keke ya kasance da farar fitila a gaba, da ja a baya, da abin nan mai ƙyalli idan haske ya dake shi. Yanzu akwai ƙananan fitilu masu caji da ake ɗaurawa a kai da bayan sirdi. Riƙe tocila ko waya a hannu ba ya maye gurbinsu, domin hannu biyu na birki ne. Da dare a sa tufafi masu haske. Ƙararrawa kuma ta zama tana aiki, saboda masu tafiya a ƙasa a bakin kasuwa. Hular kwano ta keke ba ta hana faɗuwa, amma tana rage munin raunin kai, wanda shi ne mafi kisa.

Ɗaukar Kaya

A ƙasashen Kachia da Kwoi, inda ake noman citta, da sauran ƙauyukan da ke kai doya da masara kasuwa, keke jakin manomi ne. Amma ƙarin nauyi ƙarin aiki ne ga birki. A raba kaya gida biyu, a rataya su dama da hagu na kariya, ƙasa-ƙasa, maimakon a tula su sama. A ɗaure su tamau da roba. Kada a rataya jarka ko leda mai nauyi a kan keke ta gaba, domin tana karkatar da hannu, tana kuma iya shiga cikin wili. Idan kaya sun yi yawa ga gangare, ba abin kunya ba ne a sauka a ja keke da hannu.

Wanda ya goya yaro ya tabbata ƙafafunsa suna da wurin takawa, kada su shiga wayoyin wili. Mai babbar riga ya naɗe ta, mai zane ko dogon mayafi ta tattare shi, gudun kada sarƙa ta kama.

Kulawa Ta Mako-Mako

1. A duba iskar taya. Adadin da ya dace yana rubuce a gefenta. Taya mai ƙarancin iska tana ƙara wahalar tuƙi, kuma idan ta faɗa rami ƙarfen wili yana cizon tib ya huda shi.

2. A goge sarƙa da tsumma, a ɗiga mata mai kaɗan, a sāke gogewa. Mai da yawa yana tara ƙura, su haɗu su riƙa cin ƙarfe. Tsohon baƙin mai da aka juye daga inji yana ɗauke da datti, gara a guje shi. Kada mai ya taɓa robar birki ko ƙarfen wili.

3. A bi notunan wili da na sirdi da na feda da na kariya da sifana.

4. Bayan an sha ruwa ko taɓo, a wanke keke a shanya, a ajiye shi a inuwa.

5. Mai tafiya mai nisa ya riƙe famfo da kayan faci da sifana, domin ba kowane ƙauye ke da mai faci ba.

Ƙa'idodin Hanya

Tun ranar 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, kuma wannan doka ta haɗa da mai keke. Bin hannun da ba naka ba, ko da tafiyar taku goma ce, neman haɗari ne. Kafin a juya a waiwaya, a miƙa hannu a nuna inda za a nufa. Kada a kutsa tsakanin tirela ko tifa da bakin hanya, musamman a mararraba, domin direbanta ba ya ganin wurin, kuma ƙafafunta na baya suna yanke kwana. Kama bayan babbar mota domin ta ja mutum a hawa wasa ne da rai. A ba motar da ke tsaye tazara, ana iya buɗe ƙofarta ba zato.

A garin layin dogo kamar Kafanchan akwai ƙarin abin lura. Ko jirgi yana wucewa ko ba ya wucewa, ƙarfen yana nan, kuma yana da santsi idan ya jiƙe. A tsallaka shi a miƙe, kada a karkace, don kada taya ta faɗa cikin ramin da ke gefensa.

Idan haɗari ya auku, ana iya kiran Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, a lamba 122.

Kira Ga Jama'a

Ana roƙon direbobin mota da masu babur su tuna cewa mai keke yana da hakki a kan hanya kamar kowa. Su ba shi fili idan za su wuce shi, su daina matse shi zuwa cikin kwata. Shugabannin makarantu da na ma'aikatu su tanadi wuri mai inuwa da tsaro na ajiye kekuna. Iyaye su gwada birkin keken yaro da hannunsu kafin ya fita. Kai kuma mai keke, kowace safiya kafin ka ɗora ƙafa, matsa birki biyu, taɓa taya biyu, kunna fitila ka gani. Aikin minti ɗaya ne, kuma rigakafi ya fi magani.