Makero, Ƙyasfi Ko Soriyasis? Yadda Likita Ke Rarrabewa

Da zarar tabo ya fito a fata yana ɓarewa, sai a yi wa kemis tsinke a sayo man shafawa, wani ya ce makero ne, wani ya ce ƙyasfi. Amma akwai ciwon da ke yawan ɓuya a bayan waɗannan sunaye, wato soriyasis, kuma gane shi da wuri ya fi kowane mai amfani.

Soriyasis ba ƙwayar cuta ce ke kawo shi ba. Garkuwar jiki ce ke rikicewa ta riƙa ingiza fata, sabuwar fatar da a ƙa'ida take ɗaukar kusan wata guda kafin ta fito sai ta fito cikin kwana 3 zuwa 4, ta taru ta yi kauri. Ba a ɗaukarsa ta musafaha ko cin abinci a kwano ɗaya, sai dai yana bin jini. An daɗe ana ruɗa shi da kuturta a Turai, har sai a 1841 da likitan fata Ferdinand von Hebra ya raba su a birnin Biyana.

Likita da ido yake farawa. Yana duba bayan gwiwar hannu, kan gwiwa, fatar kai da ƙasan baya. Tabon yana da kauri da iyaka fayau, galibi a ɓangarorin jiki biyu. A jikin Bature ja ne, amma a baƙar fata yakan yi duhu ko ruwan shuni, da ɓawo mai launin toka, shi ya sa ake yawan kuskure shi a wajenmu. In aka kankare ɓawon a hankali, ɗigon jini ƙanana kamar tsinin allura sukan bayyana. Sai farce: ƙananan ramuka a kansa, ko ya fara rabuwa da nama. Likita zai tambayi ko gaɓoɓi na sandarewa da safe, domin wasu masu ciwon kan kamu da amosanin gaɓɓai. Zai tambayi magungunan da ake sha, tunda kuloroƙwin da wasu magungunan hawan jini na iya tayar da shi.

Sauran cututtukan kowanne da alamarsa. Makero zobe yake yi, gefe ya tashi, tsakiya ta washe, kuma in an kankare an duba a madubin awo ana ganin naman gwarin da ya haddasa shi. Eczema ta fi son lanƙwasar hannu da bayan gwiwa, da ƙaiƙayi mai hana barci. Amosanin kai ɓawonsa laushi gare shi da maiƙo. Tabon kuturta kuwa yakan dushe, kuma ba ya jin taɓi, ko da an goga masa auduga. In abin ya ƙi fitowa fili, sai a yanki ɗan tsokar fata a kai ɗakin gwaji.

Babbar matsala ita ce man nan mai haɗe-haɗe da ke ɗauke da sitiroid. Yana canja kamannin tabo, makero ya bazu, likita ya rasa abin kamawa. Allura ko ƙwayar sitiroid kuwa, in an daina ta kwatsam, tana iya sa soriyasis ya dawo da ƙuraje masu mugunya.

Babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince a 2014 cewa soriyasis ciwo ne mai tsanani da ba ya yaɗuwa. Ba ya warkewa ƙaf, amma ana shawo kansa. Duk tabon da ya ƙi jin magani, a kai shi asibiti, a tafi da kwalayen mayukan da aka shafa.