Keke A Bakin Kanal

Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, ruwa ya samu a gonakin Kadawa, Kura da Bunkure. Keke kuwa ya zama jakin manomin rani a Garun Malam. Shi ke kai taki gona, ya kai tumatir Kwanar Gafan.

Amma fa 'yan'uwa, gaɓar ƙaramin kanal ba hanya ba ce, ganuwar ruwa ce. In taya ta zaizaye ta ruwa ya ɓalle, shukar manomin ƙarshen layi ce za ta bushe. Saboda haka a bi babbar hanya. A gwada birki kafin a ɗaura kwando. A kaɗa wa mai ƙafa ƙararrawa, a kauce wa mai kaya, a sauka a siririyar gada.

Kowace ƙungiya ta tattauna wannan a taronta.