Dalilin da Igwa Ta Kasa Fasa Badalar Kano

Ku sani harsashi ba ya ratsa jiki don nauyinsa, gudunsa ne ke kai shi. Masana lissafi sun tabbatar cewa idan aka ninka gudun abin da aka harba sau 2, ƙarfin dukansa yakan ninku sau 4. In kuwa bakinsa na da tsini, duk ƙarfin nan sai ya taru wuri guda, kamar yadda allura ke shiga fata, taɓarya ba ta shiga.

Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji ne ya kawo lifidi da sulke da kwalkwali. Lifidi auduga ce aka cusa cikin zane aka ɗinke, kibiya in ta faɗa masa sai audugar ta shanye ƙarfinta ta maƙale. To, gudun harsashin bindigar Turawa ya fi na kibiya sau 10 ko fiye, ina auduga za ta tsai da shi? A Kwatarkwashi, nan yamma da mu, dawakin Kano suka yi sukuwa kan bindigogi a 1903, aka kashe Waziri Ahmadu.

Amma ganuwa wani abu ne daban. Ran 3 ga Fabrairu 1903 Kanar Morland ya iso Kano da igwa 4, lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Suka yi ta ɓarin wuta, badala ko gezau, domin kaurin gindinta ya kai ƙafa 40. Dutse yakan tsage idan an doke shi, ita kuwa ƙasa sai ta nutse kaɗan, ta haɗiye dukan, ta riƙe ƙarfen a cikinta. Lalle maginan farko sun san aikinsu. Da Turawa suka kasa a Ƙofar Dukawuya, sai suka koma Ƙofar Kabuga, suka harbi ƙyaure, wanda bai kai ganuwa ƙarfi ba. Ta nan suka shiga birni.

Har yanzu soja na tara buhunan yashi su fake bayansu, hikimar ɗaya ce. Masu fasa tankar yaƙi kuma sun koma ga siffar kibiya: sandar ƙarfe siririya mai nauyi, ba nakiya a cikinta, tana gudun fiye da mita 1,500 a daƙiƙa guda, ta huda sulken tankar ta shige.