Makirfo Nawa Kotso Ke Buƙata?

Ƙaramin situdiyo irin wanda matashi zai buɗe a shago a Gummi, Anka ko Bukkuyum, kusan kullum don kiɗan fiyano ake haɗa shi: kwamfuta ɗaya, makirfo ɗaya, sai akwatin sauti mai kafa biyu wanda ake jona makirfo a jikinsa. Mawaƙi ya shigo, a ɗora masa kiɗa, ya hau, a sallame shi. Rigima tana tashi ne ranar da makaɗan gargajiya suka yi sallama, mutum bakwai ko takwas, da kotsanni ko kalangai a rataye, ga 'yan amshi, ga sanƙira. Irin wannan ƙungiya ba a ɗaukarta ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya saurari Musa Ɗanƙwairo ko Sa'idu Faru ya san armashin waƙar yana cikin yadda jagora ke jefa ɗa, yaransa su cafe kafin ya rufe baki. Aka raba su, waƙar ta mutu.

Wannan ita ce matsalar da masu ɗaukar kiɗan jita da ganguna na Turawa suka daɗe suna fama da ita, kuma maganinta ɗaya ne a ko'ina.

Makirfo iri biyu ne a kasuwa. Akwai dainamik, mai jure duka da ƙara, wanda ba ya jin abin da ke nesa da shi sosai. Akwai kondensa, mai kunnen tsiya, wanda zai kwaso numfashin mawaƙi, ya haɗa da kukan akuyar maƙwabta da babur ɗin da ya wuce. Matasa sun fi sha'awar kondensa saboda shi suke gani a bidiyon mawaƙan Kano, rataye cikin raga. Amma a shagon bulo mai rufin kwano, inda sauti ke dukan bango ya dawo, kondensa tonon asiri kawai zai yi. Ga kuma ƙurar hunturu da raɓar damina, waɗanda ba ya shiri da su. Shi ya sa mai kuɗi kaɗan ya fi dacewa ya fara da dainamik. Kamfanin Shure na Amurka ya fitar da dainamik ɗinsa SM57 a 1965, SM58 kuma a 1966, kuma har yau su ake kafa wa ganga da mawaƙi a manyan dandamalin duniya. Sai dai jabunsu sun cika kasuwa, don haka wanda aka yi wa tayin SM58 a farashin buhun gawayi ya san abin da ya saya.

Wurin kafawa ya fi sunan kamfani muhimmanci. Kotso fuska ɗaya gare shi, da hannu ake kaɗa shi, kuma amonsa mai kauri ne, don haka makirfo ya tsaya kamar taƙi ɗaya daga fatar, a ɗan karkace. Kalangu ya fi wuyar sha'ani. Makaɗin ba ya tsayuwa wuri ɗaya, yana matsa tsarkiya da hammata yana juyi, kuma maganar kalangun tana cikin hawa da saukar muryarsa. Aka manna masa makirfo kurkusa, ƙarar sandar kaɗai za a ji, sai an ja baya kaɗan zancen zai fito. 'Yan amshi kuwa su kewaye makirfo ɗaya, mai babbar murya ya ɗan ja da baya. Akwai ƙa'idar da injiniyoyi ke bi: tazarar da ke tsakanin makirfo biyu ta ninka tazarar kowanne da abin da yake ɗauka sau uku, don kada sautinsu ya cinye juna.

Yawan makirfo ma ba dole ba ne. Baturen Ingila Glyn Johns, wanda ya ɗauki faifan farko na ƙungiyar Led Zeppelin, ya yi suna ne da ɗaukar jerin ganguna gaba ɗaya da makirfo uku ko huɗu. Kusa da gida, ƙungiyar Tal National ta Yamai, wadda ke gwama jita da kalangu, wani injiniya ne daga Chicago, Jamie Carter, ya zo da kayan aikinsa ya ɗauki faifanta Kaani a can Yamai, aka fitar da shi a 2013.

Sautin da makirfo ke fitarwa ƙanƙani ne ƙwarai, sai an ɗaga shi kafin kwamfuta ta karɓa. Wannan shi ne aikin na'urar da masu situdiyo ke kira firi'am, kuma tana nan cikin kowace kafa ta akwatin sauti. Mai ɗaukar ƙungiya ya fara ƙirga kafofi kafin ya tambayi tsada. Focusrite Scarlett 2i2 kafa biyu gare shi, Behringer UMC404HD huɗu, Scarlett 18i20 kuwa takwas. Huɗu sun isa jagora, 'yan amshi da makirfo biyu na ganguna. Kondensa yana buƙatar wutar bolt 48 daga akwatin, dainamik ba ruwansa da ita, amma shi ya fi son a murɗa masa ƙarfi, musamman SM7B mai neman wajen desibel 60. Wajen murɗawar a bar sarari. Makaɗi idan waƙa ta yi daɗi yakan ƙara ƙarfin hannu fiye da yadda ya gwada, kuma sautin da ya wuce iyaka ya fashe, babu gyara.

Sai wuta. Janareta yana shiga faifai ta hanya biyu: ƙararsa ta taga, da gurnanin da ke biyo waya. Kwamfutar hannu mai cikakken caji da akwatin da ke shan wuta ta USB sun kawar da duka biyun, wayoyin makirfo kuma su zama masu haƙori uku, wato XLR. A kashe fanka, ko da gumi zai jiƙa riga.

Ɗakin ma a zaɓe shi. Zauren ƙasa mai rufin azara ya fi shagon siminti nesa ba kusa ba, domin bangonsa ba sumul yake ba, ba ya mayar da sauti da ƙarfi. Inda babu shi, a shimfiɗa darduma, a jingina katifu a kusurwa, a rataya barguna bayan makaɗan, sannan a ɗauki minti ɗaya na gwaji a kunna wa jagoran ƙungiyar ya ji da kunnensa kafin a shiga waƙar.