Hawan Mambila a Kan Babur: Lissafi Kafin a Tayar da Inji

[Ƙarar babur, sannan ta lafa]

Shirinmu na musamman na yau zai kai mu Jihar Taraba, can kudu maso gabashinta, inda ƙasa ta ɗaga sama ta zama Tsaunin Mambila. Matasa da yawa masu babura suna da burin su ga wurin nan da idonsu, kuma buri ne mai kyau. Fatana shi ne wanda ya tafi ya dawo gida da ƙafafunsa. Shi ya sa yau za mu zauna mu yi lissafi, tun kafin a ɗaure kaya.

Mu fara da sanin inda za mu. Tudun Mambila yana Ƙaramar Hukumar Sardauna, hedikwatarta Gembu. Yankin yana cikin ƙasar da ta zaɓi shiga Najeriya a ƙuri'ar raba gardama ta 1961. Tsayinsa a matsakaici ya kai kimanin mita 1,600 daga doron teku, kuma a gefensa, kan iyakar Kamaru, Chappal Waddi yake, mai mita 2,419, dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya. Daga Jalingo hanya takan bi ta Garba Chede, ta shiga Bali, ta wuce Serti inda hedikwatar gandun dajin Gashaka Gumti take, ta isa Mayo Selbe. Daga nan ne hawa na gaske yake farawa. Kwana bayan kwana, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗaya hannun, har a ci hawan da ake kira Biyu da Sisi, a ɓulla Maisamari. Sai Nguroje, sai gonakin shayi na Kakara a nan kusa, sai Gembu. Tafiyar duka ta kusa kilomita 400.

To, ga inda lissafin mutane da yawa yake karkacewa. Mai babur ya san abin da mashin ɗinsa yake sha daga gida zuwa kasuwa, sai ya ɗauki wannan ya auna dutse da shi. Dutse kuwa yana da nasa ma'auni. Duk hawan da ka yi, iska tana ƙara sirancewa, kuma inji da iska yake ƙona mai. Masana injina sun ƙiyasta cewa a kowace mita 300 ta hawa, inji yakan rasa kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa. Ke nan kafin ka kai saman Mambila, wajen kashi 15 ya tafi. Ƙaramin babur irin Boxer ko Jincheng, ga mutum ga kaya, zai yi ta nishi a giya ta ɗaya da ta biyu, mai yana zuba, tafiya ba ta ci. Babur mai kafireto kuma yakan sha mai fiye da iskar da yake samu, filogi ya yi baƙi, inji ya fara tari.

Saboda haka ga yadda zan ba da shawara a lissafa. A ce babur ɗinka yana cin kilomita 40 da lita ɗaya a miƙaƙƙiyar hanya. Rubuta 30. Zuwa da dawowa kilomita 800, ƙara 200 na yawon ganin gari, domin babu wanda zai kai Nguroje ya ƙi leƙa dajin Ngel Nyaki ko gonar shayi. Ya zama 1,000. A lissafin gida lita 25 ce, a lissafin dutse kuwa ta haura 33. Ka ninka wannan da farashin ranar da za ka tashi, ba farashin da ka ji bara ba, domin tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, farashi bai zauna wuri ɗaya ba. Sannan ka tuna cewa duk litar da ke saman tudun nan, mota ce ta hau da ita ta wannan hanyar, kuma mai saye ne ke biyan wahalar. Wani wurin ma sai wajen 'yan bumburutu. Ka cika tanki a Bali, ka sake cikawa a Serti ko da kana ganin da saura.

[Kiɗa kaɗan]

Kashi na biyu na kuɗin, a gida ake kashe shi, a gaban bakanike. Juye baƙin mai. Duba kaca, idan ta miƙe a canza ta. Tayar da ta suɗe a cire ta, ko da ranka yana cewa za ta iya wata guda. Birkin gaba da na baya a sa musu sabon takalmi. A jaka kuwa a sa filogi biyu, wayar kuloci, kayan faci, ƙaramin famfo da sufana. Duk waɗannan ba su kai kuɗin ɗauko mataccen babur a mota daga tsakiyar dutse ba. Hular kwano ba ta cikin abin da ake ciniki a kai.

Takardu ma su cika: lasisi, takardun babur, inshora da katin shaida, domin yankin kan iyaka ne kuma shingayen bincike suna da yawa. Akwai garuruwan da aka taƙaita zirga-zirgar babura saboda tsaro, Jalingo ma ta taɓa sa irin wannan doka. Ka tambayi 'yan tasha halin da ake ciki a makon da za ka tashi. Idan ta kama a ɗora babur a mota zuwa Bali ko Serti, wannan ma kuɗi ne, ka rubuta shi.

Sai sanyi. Ɗan Kano ko ɗan Sakkwato yana jin ya san sanyi saboda ya san hunturu. Na Mambila daban ne, domin da laima yake zuwa. A kowace mita 1,000 ta hawa, zafi yakan ragu da kimanin digiri 6 da rabi. Ka bar Serti kana gumi, ka isa Nguroje haƙora suna haɗuwa, ruwan alwalar asuba kuwa sai ka yi ta maza. Hannun da ya sandare ba ya kama birki da wuri. Don haka rigar sanyi mai kauri, rigar ruwa da safar hannu suna cikin kayan aiki. Ciwon rashin iska da ake jin labarinsa a manyan duwatsun duniya galibi sai an haura mita 2,500 yake kama mutane, saboda haka ba shi ne abin tsoro a hanyar Gembu ba. Damina ce abin kiyayewa. Tana da tsawo a can, daga wajen Afrilu har Oktoba, da hazo mai rufe hanya da zaftarewar ƙasa. Baƙo ya zaɓi tsakanin Disamba da Fabrairu.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, ina roƙon ku ba ni kunnuwanku. Bayan ka tara kuɗin mai, da na gyara, da na masauki, da na abinci, ka ware wani kaso, kamar sulusin jimlar, ka sa shi a wani aljihu daban. Wannan kuɗin shi ne zai ba ka ikon tsayawa. Ku duba yadda abin yake faruwa. Mutum yana Gembu, kuɗi ya kusa ƙarewa, hadari ya haɗu da la'asar. Mai sauran guzuri zai koma masauki, ya sha shayi, ya yi sallarsa ta ƙasaru, ya jira gari ya waye. Wanda aljihunsa ya bushe kuwa, babu kuɗin kwana, sai ya ce bari ya yi sauri ya sauka kafin magariba. Ga hazo, ga santsi, ga gajiya, ga manyan motoci suna hawowa a tsakiyar kwana. Idan ya yi haɗari, mutane za su ce ganganci ya yi, alhali tun ranar da ya yi lissafi a gida ya rufe wa kansa ƙofar haƙuri. Irin wannan asarar rai tana ci mini rai, domin 'yan dubban nairori ne suke raba ta da dawowa lafiya.

Kuma wannan ajiyar ta kasance tsabar kuɗi. Akwai masu POS a manyan garuruwan hanyar, amma idan sabis ya ɗauke, kuɗin da ke banki ba zai biya mai faci ba. A raba kuɗin gida biyu ko uku, wani a jiki, wani a jaka.

Kada a tafi mutum ɗaya. Babura biyu ko uku sun fi, kowa da nasa, domin goyo a ƙaramin mashin yana kashe ƙarfin hawa. Tafiyar rukuni tana rage tsada ma, tunda ɗaki ɗaya zai ɗauki mutum biyu, kayan gyara kuma saiti ɗaya ya isa. A raba tafiyar kwana biyu, a kwana a Serti, a tunkari dutse da safe bayan hazo ya washe. A can sama Fulatanci ya fi yawo a bakin jama'a, amma Hausa za ta kai ka kasuwa ta dawo da kai. Ka gaida mutane, ka tambayi 'yan acaɓar garin halin hanya, su ne suke bin ta kullum.

[Ƙarar babur a hankali]

Saura saukowa, wadda ta fi hawa haɗari. Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare, mutum ya sa babur a firi, ko ya kashe inji baki ɗaya, wai yana tsimin mai. A gangaren Mayo Selbe wannan tsimi na iya cin rai. Idan inji ba ya riƙe babur, nauyin duka ya koma kan birki, birki ya ɗau zafi, ka taka ka ji ba ya ci, ga kwana a gabanka. Giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka. Bar inji ya riƙe, ka riƙa taɓa birkin gaba da na baya tare, kaɗan-kaɗan, kana saki. Kafin kowace kwanar da ba ka ganin bayanta, ka rage gudu, ka danna ham, ka tsaya a hannunka. Idan ka ji ƙaurin birki, ka nemi wuri mai faɗi ka faka, ka ba shi minti 15 ya huce. Man da za ka ƙona a wannan saukowa bai kai lita ɗaya ba, kuma yana cikin lita 33 ɗin da muka riga muka rubuta.

Allah Ya kai kowa lafiya, Ya dawo da shi lafiya.