"Grossly": kalmar da ba ta zuwa da alheri

Kwanakin baya wani ƙanena da ya kama aikin gwamnati ya kawo mini takardar godiya da ya rubuta wa shugaban ma'aikatarsu da Turanci, domin in duba kafin ya miƙa. A ciki ya ce maigidan ya kasance "grossly generous" a gare shi, wai nufinsa mutumin ya yi masa karamci matuƙa. Na ce masa, "Ƙanena, da ka miƙa wannan takarda, da ka zargi maigidanka da almubazzaranci, ga kuma sa hannunka a ƙasa."

Kuskuren ba nasa ne shi kaɗai ba. Da yawa daga cikinmu 'yan boko mun ɗauka duk kalmomin ƙarfafa zance na Turanci ɗaya suke, wadda ta fi nauyi a baki ita ta fi nuna ilimi. Alhali kuwa "grossly" ta samo asali ne daga "gros" ta tsohon Faransanci, mai nufin kauri ko girma, sannan a Ingilishi ta koma nufin abin da ya wuce gona da iri har ya yi muni. Shi ya sa aibi take bi. "Grossly inadequate" kasawa ce wadda ba ta da uzuri, "grossly negligent" kuwa sakaci ne na ganganci. Idan aka jingina ta da yabo, sai yabon ya zama zargi.

Bai kamata wannan ya ba Bahaushe mamaki ba. Muna cewa fari fat, baƙi ƙirin, ja wur, kore shar. Kowace kalma da abokiyar tafiyarta, kuma duk wanda ya ce "fari ƙirin" ko yara sai sun yi masa dariya.

Mai karatu, kada ka ɗauka wannan gardamar malaman nahawu ce kawai. Tushen kalmar yana cikin tsarin mulkinmu na 1999, inda sashe na 143 da na 188 suka sanya "gross misconduct" a matsayin dalilin tsige shugaban ƙasa ko gwamna. Da irin wannan tuhuma majalisar dokokin tsohuwar Jihar Kaduna ta tsige Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa a 1981, ƙarƙashin tsarin mulkin 1979. Kalmar da ke iya raba gwamna da kujerarsa ba abar yaɓawa ba ce a kowace takarda. Shugaban da ya rubuta ta a rahoton ƙarshen shekara na wani ƙaramin ma'aikaci, don kawai tana da daɗin faɗi, yana iya toshe wa bawan Allah hanyar ƙarin girma.

Ƙanena dai ya goge ta ya sa "very", ya miƙa takardarsa lafiya. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka rubuta aka ajiye a fayil. Allah Ya sa mu dace.